Rim ɗin da na goge a Kantin Kwari

Ni direba ne, shekara huɗu kenan ina jan motar wani Alhaji a nan Kano, Corolla ce mai aloi rim 16, wato rim ɗin aluminiyam. Ranar da abin ya faru na sauke Hajiya a Kantin Kwari, ina neman wajen fakin wani ɗan Adaidaita Sahu ya matso ni, nima na matsa gefe, kawai sai ji nayi ƙurrr. Duk direba ya san ƙarar nan, har a haƙori ake jin ta. Na fito na duba, leɓen rim ɗin gaba na dama ya gogu da simintin gefen titi, wajen tsawon tafin hannu, yayi kaushi kamar ɓera ya gaigaya.

Ban faɗa wa Alhaji ba, nace ai ƙaramin abu ne. Na biya Ƙofar Ruwa na sayi fentin feshi kalar silba gwangwani ɗaya, bayan isha'i na haska fitilar waya na feshe wajen a ƙofar gida. Da daddare kam yayi kyau. Gari na wayewa naga aika-aika, fenti ya zubo ya daskare kamar hawaye, taya tayi fari-fari, kankarewar kuma ta fi jiya fitowa dan silba ba ya rufa asiri, duk wani rami sai ya ƙara haska shi. Alhaji ya fito ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan yace "Malam, wa yayi wa motar nan kwalliya?" Wallahi da ƙasa zata tsage da na shige.

Bai yi faɗa ba, sai ya tura ni wajen wani dattijo mai fentin mota da suka saba. Na zata Baba zai karɓi aikin, sai yace shi ba zai ɓata yininsa a kan rim ɗaya ba, in tsuguna in kalla sannan in je in yi da hannuna.

Abin mamaki bai ma fara ta kan kankarewar ba. Ruwan Omo ya haɗa ya zuba a inda taya ta kama rim yana jiran kumfa, dan tayar ba mai tif bace, leɓen nan shi ke riƙe iska. Ya sa aka ɗaga motar ya juya tayar yana kallon ko rim ɗin na layi, ya leƙa ciki yana neman tsaga, ya shafa gefen taya ko tayi ƙari. Yace "ɗan nan, in kaga tsagewa ko lanƙwasa to ka ajiye sanfefa, wannan ba aikin gida bane." Rim ɗin ƙarfe ana buga shi da guduma ya dawo, na aluminiyam kuwa in ka takura masa darewa yake, kuma tayar da ta kumbura a gefe zaren cikinta ne ya tsinke, ba mai facin da zai iya mata komai sai canji. Namu dai Allah ya taimaka fata ce kawai ta ɗaye.

Ranar Lahadi nayi aikin a tsakar gida. Na sa dutse a bayan taya, na ɗaga da jak na cire ta na kwantar a kan kwali, na wanke tas, na goge fentina na abin kunya da tina, ruwan nan mai narkar da fenti. Gogewar nan ba wasa bace, man da masu wankin mota ke shafa wa taya ta riƙa sheƙi in ya taɓa rim fenti ba ya zama, sai yayi ido-ido.

Sanfefa ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ita na raina da farko. Lambar da ke bayanta in tana ƙarama to mai kaushi ce, in ta girma ta fi laushi. Na fara da 120 na cinye ƙayoyin da suka miƙe, na koma 240, inda yayi rami na cike da fila, wato kwaɓin da masu fenti ke cike rami da shi, bayan ta bushe na bi da 400 sannan 600 ina tsoma ta a ruwa. Sau uku ina cewa na gama. Baba ya riga ya gaya min kar in yarda da idona, in rufe ido in bi wajen da ɗan yatsa, in yatsa ya gane inda aka gyara to fenti ma zai gane. Haka na zauna ina shafa rim ido a rufe, matata na wucewa tana dariya wai ko addu'a nake masa.

Fila kuma ta ba ni kunya. Watan Afrilu ne, zafin Kano na taɓa 40, na kwaɓa da yawa na zabga mata hadina, maganin da ke sa ta daskare, kafin in shafa rabi ta zama dutse a kan kwalin. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, hadina ɗan ɗigo, kuma a inuwa.

Sai feshi. Na rage iska na yayyanka kwalin maganin sauro na jera tsakanin taya da rim, na naɗe bawul da salatif, na sa takunkumi na kora yara zaure. Faraima wato fentin shimfiɗa, sai silba, sai kiliya mai sa sheƙi a ƙarshe, gwangwani nesa da rim kamar taƙi guda, hannu na tafiya ba ya tsayawa, shafi siriri a jira minti 10 a sake. Shafin farko sai kaga kamar ba ka yi komai ba, a nan ne zuciya ke cewa ƙara danna, kuma dannawar ce ta jawo min hawayen farko. Na yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, a lokacin hunturu kuwa ban ba kowa shawara ba sai in da sassafe ne kafin iska ta tashi. Silba ma kala-kala ce, nawa ya ɗan fi na kamfani haske, shi yasa na feshe fuskar rim ɗin duka, in ba ka jera shi da na baya ka ƙura ido ba ba za ka gane ba.

Tun daga nan direbobin layinmu suke kawo min nasu. Akwai wanda na mayar da nasa, irin rim ɗin nan ne mai fuska kamar faifan CD da siraran layuka, inji ne ya yanke shi, sanfefa ɓata shi za ta yi. Yaji haushi wai na fara girman kai.

Washegarin ranar da nayi feshin da yamma na mayar da tayar, na ɗaure noti tsallake-tsallake ba a jere ba, na kai aka cika iska. Alhaji ya duƙa ya shafa wajen, bai ce yayi kyau ba, yace "gobe in ka goge ka faɗa min tun a hanya." Sati uku bayan nan ɗansa da ke koyon mota ya goge na baya a kwalbatin ƙofar gida, shi ma bai faɗa ba, da dare ya same ni yana sosa ƙeya wai Baba direba ina ake sayar da fentin nan. Na buɗe but na miƙa masa sanfefa 120.