Juma'a a Tokyo

Yau ƙanina ba shi da darasi a jami'a, don haka ya ce mu yi sammako zuwa unguwar Asakusa kafin masu yawon buɗe ido su cika wurin. Sanyin Nuwamba ya kama sosai, sai da na ɗora rigar sanyi a kan kaftani.

Mun shiga ta Kaminarimon, ƙofar nan mai ƙatuwar jar fitila ta takarda. Daga nan layin Nakamise ya miƙe kamar mita 250, shaguna dama da hagu, wasu ma ba su buɗe ba tukuna. Mun sayi wani kek mai zafi da aka cusa wa jan wake mai zaƙi. Mai shagon ta nuna mana da hannu cewa mu tsaya gefe mu ci, domin a nan ba a son ci ana tafiya. A ƙarshen layin ne haikalin Senso-ji yake, wanda ya fi kowanne daɗewa a birnin, tun shekarar 645. Na tsaya daga gefe ina kallon mutane suna jawo hayaƙin turare da hannu zuwa jikinsu. Ba addinina ba ne, amma labarin ginin ya taɓa ni ƙwarai. Bama-baman Amurka sun ƙone shi tare da unguwar baki ɗaya a watan Maris na 1945, aka sake gina babban zauren a 1958. Ƙofar fitilar kuwa, wadda ta ƙone tun 1865, sai 1960 aka sake gina ta, da kuɗin Konosuke Matsushita, wanda ya kafa Panasonic. Duk abin da na ɗauka tsoho ne, ashe jama'ar da suka rasa komai ne suka sake tayar da shi.

Hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634 muka hango daga bakin kogin Sumida. Ƙanina ya ce, "Yaya, mu hau mana." Na ce masa a bari sai wata rana, kada Juma'a ta wuce mu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Ginza muka shiga, wanda ya fara aiki a 1927, muka sauya a Omotesando zuwa Yoyogi-Uehara. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin nan shi ne cikin jirgi. Ya cika maƙil, amma babu mai amsa waya, babu mai ɗaga murya, masu jakar goyo sun juyo da ita gaba don kada su bugi na bayansu. Na saba ɗaukar cewa cunkoso da hayaniya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wallahi a nan na ga ba haka ba ne. Kowa yana kiyaye haƙƙin na kusa da shi ba tare da wani ya tsaya a kansa ba, shi ya sa mutum zai wuni cikin miliyoyin jama'a kansa bai yi ciwo ba.

Masallacin Tokyo Camii ya yi kyau ƙwarai, da kubba da doguwar hasumiya irin ginin Turkiyya. Musulmi 'yan Tatar da suka yi hijira daga Rasha ne suka fara gina masallaci a wurin a 1938, wannan na yanzu kuma aka buɗe shi a 2000. Sahu ya cika har waje: 'yan Indunusiya, 'yan Pakistan, Turkawa, Japanawa, da mu 'yan Afirka. Wani dattijo ɗan Senegal ya matsa mini na samu wurin sujada. Bayan sallah mun leƙa shagon halal na masallacin muka ci abinci hankali kwance, domin a gari sai ka yi ta tambaya, romon taliyarsu sau da yawa da naman alade ake haɗa shi, wasu miyoyin kuma da ɗan giyar shinkafa.

Sauran yinin a dajin Meiji muka yi shi, kusa da Harajuku. Ba dajin Allah ba ne, shuka shi aka yi: itatuwa kimanin 100,000 da mutane suka bayar daga sassan ƙasar lokacin da aka gina wurin bautar da ke cikinsa, wanda aka kammala a 1920. Waɗanda suka shuka sun san ba za su ga girmansa ba. Mun yi ta tafiya a kan tsakuwa a hankali, muka samu benci muka zauna muna hirar gida, na isar masa da saƙon Inna cewa ya riƙa cin abinci da kyau.

Takardar kek ɗin safe tana aljihuna har dare, don kwandon shara yana da wuyar samu a titi, kowa da sharar sa yake komawa gida. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe 4:30, muka fasa zuwa Shibuya. Na cika bahon otal da ruwan zafi na jiƙa ƙafafuna, na yi Isha. Gobe in Allah ya kai mu za mu kama jirgin Kamakura, ƙanina ya ce lallai in ga teku.