Lasisin da za ka tafi da shi waje

Ni malamin tuƙi ne a wata makaranta a nan Kubwa, Abuja, kuma tunda tafiya waje ta yi yawa aikin namu ya canza. Da can masu zuwa mana ma'aikata ne da suka yi sabuwar mota, ko uwargida da za ta riƙa kai yara makaranta, yanzu kuwa sai ka ga nas daga Gwagwalada ko ɗalibi mai shirin digiri na biyu, biza ta fito saura wata ɗaya ya tashi, ya ce Malam dan Allah a taimaka a yi min lasisi in tafi da shi. Bayan sun isa su ne suke kirana ta WhatsApp suna ba ni labarin abun da suka tarar, toh daga nan na koyi yawancin abun da zan faɗa.

Abun da ya fi ci min rai shi ne lasisin bayan fage. Hanyar gaskiya sananniya ce, ka yi makarantar tuƙi da aka yi wa rajista, jami'an duba ababen hawa (VIO) su gwada ka, ka biya kuɗin gwamnati, ka je da ƙafarka wurin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito. Amma mutanenmu ba sa son layi, sai a miƙa wa wani ɗan kamasho hoto da kuɗi, bayan sati ya kawo kati mai ƙyalli har gida. A titin Nyanya zai iya wuce da kai shekaru ba wanda ya kula. Matsalar tana jiranka ne a waje. A lardin Ontario na Kanada misali, lasisin ƙasarka kwana 60 kawai zai yi maka aiki bayan ka zama mazauni, kuma in kana so su lissafa maka shekarun da ka yi kana tuƙi fiye da shekara ɗaya, sai ka kawo takardar shaida daga hukumar da ta ba ka lasisin. Wani yaro da na sani ya daɗe yana jan mota tsakanin Abuja da Kaduna, direba ne na gaske wallahi, da aka je nema masa takardar sai aka duba kwamfuta babu lambarsa babu sunansa. Haka ya koma sahun 'yan koyo, ga kuɗin inshora mai tsada saboda a wurinsu sabon hannu ne. Ranar da ya kira ni muryarsa kaɗai ta isa ta sa ka tausaya.

Sai maganar lasisin ƙasa da ƙasa, wanda mutane suke ɗauka kamar laya. Fassara ce kawai ta lasisinka na gida, dole ka haɗa su biyu, kuma ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wa'adin da ƙasar ta yanka wa wanda ya zo zama.

Ingila ce aka fi tambayata, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Da lasisin Najeriya za ka iya tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga ranar da ka zama mazauni. Musanya kuwa babu, domin Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake karɓar katinsu a ba su na Birtaniya kai tsaye, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe suna ciki amma mu ba ma ciki. Sai ka nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta can, ka yi jarrabawar kwamfuta mai tambaya 50 wadda sai ka ci 43, da ɓangaren bidiyo na hango haɗari inda ake son maki 44 cikin 75, sannan gwajin kan titi. Wata 12 ɗin nan yana yaudarar mutane sosai. Mutum ya isa, ga neman gida ga aiki ga sanyi, mota tana tafiya lafiya lau, sai a wata na goma ya tuna, alhali samun ranar gwajin titi kaɗai yakan ɗauki watanni. Wa'adi na cika ka zama ɗan koyo, sai da alamar L a jikin mota da wani mai cikakken lasisi a gefenka, kuma ka duba halin mai aikin kula da tsofaffi gida-gida wanda motar nan ita ce abincinsa. Jamus ma wata 6 ne kacal. Shi ya sa nake ce musu satin da ka samu adireshi, satin za ka fara cike takarda.

Wani abu kuma da ya shafe ni kai tsaye a matsayina na mai koyarwa: in ka yi gwajin Ingila da otomatik, lasisinka na otomatik ne kawai, ba ka da ikon taɓa mai giya. Akwai wata Hajiya da ta ce min, "Malam Allah ya bar mu da otomatik ɗinmu, kulos ɗin nan ƙafata ciwo yake sa ta." Na ce mata ranki ya daɗe ba laifi, amma ki san abun da kika zaɓa tun yanzu. Ta zaɓa da saninta, kuma hakan ya fi min.

Inda na fi ɗaukar darasi shi ne ganin gwanayen direbobinmu suna faɗuwa gwajin can. Hannu suna da shi, ɗabi'a ce matsalar. Mu tun 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, su a Ingila har yau ta hagu suke, a shataletale wanda ya fito ta damanka za ka ba hanya, wannan kam mutum yakan saba da wuri. Mai wuyar ita ce abun da titi ya koya mana a Berger da Mararaba, ka cusa hanci, ka danna hon, ka haska wa mutum fitila ma'ana kauce ga ni nan. A can in direba ya haska maka yawanci cewa yake wuce, ka ga in ka tafi da fassarar gida ai sai a yi karo ko a yi ta tsayuwa. Kuma rashin dubawa da kyau a mahaɗar hanya da rashin kallon madubi kafin canza hannu suna kan gaba cikin abubuwan da suke kayar da mutane, abubuwan da mu a nan muke ɗauka ƙanana.

Wannan ya sa na canza yadda nake koyarwa, har ga wanda ba shi da niyyar wuce Zuba. Madubi kafin sigina, sigina kafin juya sitiyari, cikakkiyar tsayuwa a inda aka ce a tsaya ko da titi ba kowa. Wasu ɗaliban suna ƙorafi wai ina ɓata musu lokaci, ban fasa ba.

Mai shirin tafiya kuma kafin mu rabu sai mun zauna mun duba lambar lasisinsa a shafin FRSC mun ga ta fito, mun gwada sunan da ranar haihuwa da abun da ke cikin fasfo harafi da harafi, domin Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya jawo masa zirga-zirga. In katin ya kusa ƙarewa ina ba shi shawara ya sabunta na shekara 5 maimakon na 3, ya kuma riƙe tsofaffin katunansa kar ya yar, ya nemi takardar shaidar tun yana gari yana iya zuwa ofis da kansa.