Yadda caji ke raba ƙwayoyin da ke yawo a iska gwargwadon girmansu

Ƙwayoyin hayaƙin da ke fita daga salansar mota mai shan dizal sukan kai nanomita 50 zuwa 100, wato ko mafi girman cikinsu bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Babu rariyar da za ta tankaɗe abu mai wannan ƙanƙanta, ga shi kuma irinsa ne ke kutsawa har can cikin huhu. Shi ya sa masu bincike suka koma ga lantarki.

Na'urar da aka fi dogara da ita, wadda ake kira DMA a taƙaice (mai raba ƙwayoyi gwargwadon saurin motsinsu idan lantarki ya ja su), ta samu siffarta ta yanzu a aikin Knutson da Whitby na Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1975. Bututun ƙarfe ne da sanda a tsakiyarsa, iska mai tsabta tana gudana a tsakaninsu, ƙwayoyin kuma suna shiga ta jikin bangon. Idan aka ba sandar wuta, wadda kan kai bolt 10,000, sai ta riƙa janyo masu caji. Ƙananan suna saurin isa su manne mata, manyan iska ce ke wucewa da su, na tsakanin kaɗai ke dacewa da wata 'yar kafa su fita a ƙirga su.

Sai dai a ganina wahalar aikin ba a bututun take ba, a cajin take. Abin da na'urar ke aunawa shi ne saurin amsa kiran lantarki, kuma ƙwaya mai kusan nanomita 150 da ke ɗauke da caji biyu tana fita ta kafa ɗaya da mai nanomita 100 da ke ɗauke da caji ɗaya. Wanda bai san rabon cajin ba, to bai san girman ba.

Saboda haka kafin ƙwayoyin su shiga, akan bi da su ta wani ɗaki inda kiripton-85 ko foloniyom-210 (sinadarai masu fitar da tururin nukiliya), ko hasken eksre mai rauni, ke cika iskar da caji iri biyu, na ƙari da na ragi, har rabonsu ya daidaita yadda lissafi zai iya faɗarsa. Wani masanin kimiyya, Fuchs, ne ya shimfiɗa lissafin a 1963, wani masanin kuma, Wiedensohler, ya sauƙaƙa shi a 1988. A nanomita 100, sama da kashi 40 cikin ɗari ba su da caji ko kaɗan, a nanomita 10 kuwa kimanin kashi 90 ne, don haka 'yan kaɗan ɗin da aka kama ake ninkawa a fitar da adadin sauran. Akwai masu amfani da tartsatsin lantarki daga bakin allura mai ba da caji iri ɗaya, wanda ke kama ƙananan da yawa, amma yana ɗora wa manyan caji barkatai.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da wannan ɗaki. Ƙarfin foloniyom-210 yana raguwa da rabi duk kwana 138, kuma idan ya yi sanyi na'urar ba ta daina fitar da alƙaluma masu kyan gani. Da waɗannan alƙaluman ake gwada takunkumin fuska da matatun iska na asibitoci, saboda haka ya kamata duk mai kawo rahoton awo ya faɗi irin abin da ya yi cajin da shi da ranar da aka saka shi.