Kwana uku na marka da gwangwanin da ya ɓace daga kan salansa

Ruwan ya sauko ne daren Talata, kuma bai ɗauke da gaske ba sai hantsin Juma'a. Irin markar nan ce ta Agusta da muka saba da ita a yankinmu na tsakanin Funtuwa da Bakori, wadda ba tsawa ba gaggawa, sai zuba. A daren farko iska ta yaye kwano biyu daga rumfar da muke ajiye tarakta, kuma daidai inda suka yaye ɗin nan ne hancinta yake. Na gani da safe, na ce bari ruwa ya tsagaita mu gyara. Abin da ban lura da shi ba shi ne gwangwanin tumatir ɗin da muke kifawa a bakin salansa ya tafi tare da kwanon.

Taraktar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Massey Ferguson 135 ce, ja, cikin waɗanda aka ƙera a Kobantiri ta ƙasar Ingila tsakanin 1964 da 1975, ke nan ta girme ni. Injinta Perkins ne mai fistin uku, mai shan gas, ƙarfinsa wajen doki 45. Baba ya saye ta na hannu, ya yi noman masara da auduga da ita har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu kuma tana hannuna ni da autanmu. A satin nan muna da alkawarin yin haro a gonakin wake guda huɗu, biyu namu biyu na mutane, kuma wake ba ya jiran kowa idan Agusta ta yi nisa.

Bayan an sauko Juma'a Auta ya hau ya murɗa makulli. Shiru, ko ƙas ba ta ce ba. Mai irin wannan tarakta ya san inda zai fara dubawa: ƙaramin sandan giya, wanda ke zaɓen gudu ko ƙarfi, dole ya zauna a tsakiya kan harafin S kafin wuta ta isa kik. Yana wurin. Sai muka buɗe wajen batir. Kawunansa biyu duk sun yi farin gari mai ratsin kore, wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe kuma tsatsa ta ci gindinta. Na jiƙa kanwa a ruwan ɗumi na wanke su, ina kiyaye kada ruwan ya shiga ramukan batir ɗin, domin kanwa tana kashe asid, abin da ake so a waje ke nan amma ba a ciki ba. Muka kankare da sanfefa har darma ta fito fes, muka ɗaure tamau. Na auna ƙarfin wutarsa da mita ya nuna volt 12.4. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, to wannan zai iya aiki.

Wani maƙwabci da ya tsaya kallo ya ce ai fulogi ne ya jiƙe. Mutane da yawa haka suke cewa, saboda abin da suka sani ke nan a babur da janareta. A injin fetur gaskiya ne, danshi yana kwana a kan fulogi da wayoyinsa ya sace wuta. Injin gas kuwa ba shi da fulogi ko ɗaya. Iska yake matsewa har ta yi zafin da gas zai kama da kansa idan nozul ya fesa shi. Saboda haka idan ya ƙi tashi bayan ruwa, ko dai wuta ba ta isa kik, ko ruwa ya shiga mai, ko kuma ya shiga inda iska ya kamata ta kasance.

Auta ya sake murɗawa. A wannan karon kik ya kama, injin ya juya kamar rabin zagaye, sai ya tsaya cak da wata ƙara mai nauyi, kamar an buga taɓarya a turmin da ke cike. Ban taɓa jin wannan ƙarar a gare ta ba.

"Yaya, batir ne bai da ƙarfi," in ji Auta. "Bari in aro na motar gidan Liman mu haɗa biyu. In ta ƙi sai a ja ta da wata taraktar, a sakar mata kuloci."

Har ya fara tafiya na ce ya dakata in kira Kawu. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ya yi shekaru yana gyaran taraktocin haya na ma'aikatar gona kafin ya yi ritaya, yanzu idanunsa sun yi rauni amma kunnensa bai tsufa ba. Na gaishe shi, na kwatanta masa ƙarar. Ya tambaye ni abu ɗaya: "Salansar a rufe ta kwana?" Na ɗaga kai, sai a lokacin na ga bakinta a buɗe yana kallon sama ta ramin rumfa.

"To ɗana, cire makullin ka sa a aljihu. Kada wanda ya sake taɓa shi, kada kuma ku ja ta. Ga ni nan."

Kafin ya iso na zauna ina lissafin abin da ya faru, kuma har yanzu idan na tuna gabana yana faɗuwa. Salansar 135 a tsaye take. Ruwan da ya faɗa cikinta yana gangarawa ne zuwa bututun hayaƙi, kuma duk inda inji ya tsaya da wuya a rasa bawul ɗin hayaƙi guda a buɗe. Ta nan ruwan yake sulalewa ya zauna a kan fistin. Girman injin lita 2.5 ne, kowace silinda ta wuce kashi uku cikin huɗu na lita, amma idan fistin ya hau har sama wurin da ya rage bai fi cin cokali uku ko huɗu ba. Iska tana yarda a matse ta cikin wannan ɗan wuri. Ruwa ba ya matsuwa. Batir ɗaya mai ɗan rauni ya gwada ya kasa, shi ya sa muka tsira. Da mun haɗa biyu, ko mun ja ta da nauyinta duka aka saki kuloci, da sandan da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe, daga nan sai sauke inji, kuma waken bana ya wuce mu.

Kawu ya iso a bayan babur da jakar sifanoninsa. Bai taɓa komai ba sai da ya zare sandan awon baƙin mai ya kawo kusa da idonsa. Man ya ɗan haura layin sama, a jikinsa kuma akwai ɗigo-ɗigo masu haske. Ya buɗe lagireto ya ga ruwansa a cike yadda muka bar shi. Ya ce wannan albishir ne, ruwan sama ne ya zurara ta gefen fistin zuwa ƙasa, ba gaskit ne ya fashe ba. Ya sa na kwanta na sassauta notin ƙasan inji a hankali ba tare da na cire shi ba. Ruwa ne garai ya fara ɗigowa, wajen rabin kofin shayi, kafin baƙin mai ya biyo, tunda ruwa ya fi mai nauyi a ƙasa yake kwana. Muka juye shi duka.

Sai nozul. Muka wanke kewayensu da gas da buroshi tukuna, don kada yashi ya faɗa ramin. Muka kwance bututun ƙarfe na kowanne, da siririn bututun da ke mayar da rarar mai, muka ɗaure bakinsu da leda. Kowane nozul noti biyu ne ke riƙe da shi. Na farko da na biyu suka fito a bushe, baƙi ƙirin da toka. Na ukun, na baya, ya fito a jiƙe, bakinsa har ya fara jan tsatsa. Kwana uku kacal.

Kawu ya ce a ja maɓallin kashe inji a bar shi a waje, sannan ya danne fambel da hannu ɗaya ya ce in juya fanka. Da nozul a cire injin yana juyawa ba wuya. Ina cikin juyawa sai ruwa ya yi tsartuwa daga ramin na uku ya jiƙa mini gaban riga, ruwa mai launin shayi da warin hayaƙi. Muka yi ta juyawa har ya daina, Kawu yana kasa kunne ko zai ji wurin da ya cije. Zagaye huɗu cif bai ji ba. Sai ya ce a kawo makulli, muka rufa tsumma a kan ramukan, Auta ya buga kik na ɗan lokaci, sauran ruwan ya fita kamar feshi. Muka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami muka sake juyawa da hannu. A gindin salansa Kawu ya nuna mini wani ɗan rami da ban taɓa sanin da shi ba, wanda aikinsa ke nan ya zubar da irin wannan ruwa. Toka da tsatsa sun toshe shi. Da ƙusa ya buɗe shi.

La'asar ta yi, muka tsaya. Auta ya hau babur zuwa Funtuwa ya sayo baƙin mai wajen lita shida, da filtar mai, da filtar gas, da sababbin zobba na jan ƙarfe da ake sa wa nozul, don Kawu ba ya yarda a mayar da tsofaffin.

Na ɗauka an gama. Asabar da safe muka mayar da komai, muka zuba mai, muka sauke kwanon tace iska. Irin na dā ne mai baƙin mai a ƙasa wanda ƙura ke maƙalewa a ciki, kuma a ƙarƙashin man akwai ruwa da laka. Muka wanke muka zuba sabo daidai layi. Sai Kawu ya ce in tara kwalba a ƙasan filtar gas in kwance. Da kwalbar ta zauna minti biyu sai abin cikinta ya rabu gida biyu, gas a sama, ruwa kamar faɗin yatsa biyu a ƙasa.

Wannan ruwan ba ta salansa ya bi ba, kuma ba a kwana uku ya taru ba. Tankin da ake bari rabi a damina yana yin raɓa a cikinsa duk dare. Ga kuma durom ɗin da muke ajiye gas, a tsaye yake a bayan rumfa, ruwa ya kwanta a kansa ya rufe murfin. Da rana durom yana hura iska waje, da dare idan ya huce sai ya zuƙo ta, tare da ruwan da ke bakin murfin. A nan ne Kawu ya fi daɗewa yana magana, domin famfon nozul na wannan inji, ƙirar CAV, ba shi da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa shi. Ruwa idan ya kwana a ciki tsatsa yake sawa a ƙarafan da aka goge su suka fi madubi santsi, kuma gyaran famfo ba aikin gindin bishiya ba ne. Muka tsiyaye tankin gaba ɗaya a jarkoki, muka zuba wanda ya kwana ya kwanta, muka tace da kyalle a mazurari.

Cire iska shi ne aikin da ke son haƙuri. A jikin ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki akwai ɗan hannu da ake dannawa. Na fara dannawa na ji shi sakwaf, ba ya jawo komai. Kawu ya ce inji ne ya tsaya a inda ya riga ya danne famfon ta ciki, a juya shi zagaye ɗaya. Muka juya, hannun ya yi nauyi. Muka bi a jere: notin kan filta har kumfa ya ƙare, sai ƙaramin notin ƙasa a jikin famfon nozul, sai na samansa. Daga ƙarshe muka sassauta bututun ƙarfe a bakin nozul biyu, aka tura maɓallin kashewa ciki, aka buɗe totur, Auta ya buga kik har gas ya fara tofowa ba kumfa. Na kai yatsa zan taɓa, Kawu ya buge mini hannu. Ya ce man da ke fita daga wannan bututun yana iya huda fata ya shiga nama, ya taɓa ganin wanda hakan ya kai shi asibiti. Ya kuma hana Auta riƙe kik fiye da daƙiƙa goma sha biyar a jere, sai ya huta.

Maƙwabcin nan ya dawo da shawarar a jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iska. Ana yi, na sha gani, kuma ba na so. A bututun iskar wannan tarakta akwai ɗan abin ɗumama da ke kunna wuta da gas idan an riƙe makulli a wurinsa, fetur kuwa idan ya haɗu da shi ba ya jira. Haka nan masu haɗa kik da sukundireba suna tsaye a ƙasa gaban babbar taya. Yin haka yana tsallake makarin S ɗin nan, in kuwa tana cikin giya ta kan mutum za ta fara bi.

Muka ɗaure bututun. Bugu na farko ta yi tari. A na biyu farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ta kama da fistin biyu tana girgiza, salansa tana tofar da baƙin ruwa a kan bonet. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a jikinta yana jira. Can sai na ukun ya shigo, muryarta ta daidaita, irin bugun nan uku-uku da nake ji tun ina yaro idan Baba ya tayar da ita da asuba. Kawu bai ce komai ba sai "Alhamdu lillahi", ya ce a bar ta ta yi zafi sosai, kuma bayan aikin kwana biyu a sake juye man, don ragowar danshi.

Kulocin ma ya ɗan manne saboda tsatsa, amma ya saki da inji ya yi ɗumi. Lahadi Auta ya shiga gonar farko da haro. Ni kuma na mayar da kwanon rumfa, na kwantar da durom a kan itace biyu da murfinsa a gefe, na kai salansar wajen mai walda ya yi mata marfi mai faifai wanda hayaƙi ke ɗagawa, ya rufe da kansa idan an kashe inji. Gwangwanin kuwa yara ne suka tsinto shi ranar Litinin a cikin masarar bayan gida.