Yadda na haɗa DVR a shagona, da abin da na gano bayan an fara aiki da shi

Shagon kayan masarufi ne da ni, da ɗan sito a bayansa, kuma abin da ya sa na yanke shawarar sa kyamara shi ne kaya suna raguwa a sito lissafi ba ya fitowa, ni kuma ba na son in riƙa zargin yarana a kan abin da ban gani da idona ba. Zato zunubi. To sai na ce gara a sa abin da zai raba gardama.

Na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano tare da wani ƙanina da ya iya harkar wayarin, kuma tun a hanya yake gaya min, Yaya kar ka tsaya kallon kyau da girman kyamara, akwatin nan da ake cewa DVR shi ne mai aikin. Gaskiyarsa kuwa. Kyamara gani kawai take yi ta tura ta waya, akwatin ne yake karɓa ya matse hoton ya ajiye a had disk, wato ma'ajiyar da ake sawa a cikinsa, in babu akwatin to kallo kawai kake yi, abu ya wuce ya wuce kenan. Akwai mai ɗaukar kyamara 4, akwai 8, akwai 16. Kyamara 4 nake buƙata amma na ɗauki mai 8 saboda gaba. Akwai kuma ɗan'uwansa NVR wanda yake aiki da kyamarorin intanet, shi ya fi tsada, ni dai na tsaya a DVR mai wayar RG59 da kan BNC ɗin nan da ake murɗawa. Ku tambaya sosai kafin ku biya, don kyamarorin ma kala kala ne, akwai TVI na kamfanin Hikvision, akwai CVI na kamfanin Dahua, akwai AHD, yawancin sababbin akwatuna suna karɓar duka amma tsofaffi ba lallai ba.

Abu na farko da ya ɗaure min kai, akwatin yana zuwa ne babu had disk a ciki, daban ake saye. Kuma zai kunna lafiya lau ya nuna maka hoto tar a talabijin alhali ba ya ajiye komai. Wallahi na san wani maƙwabcinmu a layi da ya daɗe yana kallon shagonsa a allo hankalinsa kwance, ranar da aka yi masa ɓarna aka zo a koma baya sai aka tarar disk ɗin ya mutu tuntuni, akwatin ya yi ta ƙara yana gargaɗi yaransa suka kashe ƙarar don ta dame su. Shi ya sa ni duk Juma'a kafin in tafi masallaci sai na zauna na buɗe naɗin jiya da na shekaranjiya na gani da idona. Disk ɗin ma ba na kwamfuta na saya ba, akwai waɗanda aka yi don aikin dare da rana irin WD Purple da Seagate SkyHawk.

Sai maganar kwana nawa zai riƙe, nan ne mutane suke shan mamaki. Ƙanina ya yi min lissafin a takarda. Kyamara ɗaya mai tsabtar hoto 1080p in an saita yawan bayanan da take naɗa a kowace daƙiƙa a 2 Mbps tana cin wajen 21 GB a kwana, huɗu kenan sun haura 80 GB, to disk mai 1 TB, wato 1000 GB, bai fi ya yi maka kwana 11 zuwa 12 ba, daga nan ya fara goge na farko yana ɗora sabo a kai ba tare da ya tambaye ka ba. Ni kuwa matsalata ta sito ce, sai ƙarshen wata in an yi ƙidaya ake gane an yi gibi, kun ga kwana 11 bai yi min ba. Sai muka mayar da tsarin naɗin H.265 wanda ya fi tsarin H.264 matse hoto, muka kuma saita na cikin sito ya riƙa naɗa sai in ya ga motsi. Na bakin ƙofa da na kan teburin kuɗi su na bar su suna ɗauka ba tsayawa. Amma fa saitin motsin nan yana da tasa rigimar, da daddare fitilar infrared da kyamara take gani da ita a duhu tana jawo ƙwari, gizo gizo ya zo ya yi saƙa a fuskar kyamara, sai ka ga ta kwana tana naɗar saƙar tana kaɗawa fari fat. Ga ƙurar hunturu. Tsumma mai laushi a kan doguwar sanda shi ne maganinsa, kuma ya zama cikin aikin shara.

Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Ɓarawo ya fi son lokacin da aka ɗauke, kuma yawan ɗaukewa da kawowa yana kashe disk. Sa'ar da aka yi DVR da kyamarorin duk 12V suke sha kuma ba su da ci sosai, sai muka ɗora su a kan batir da ƙaramin sola, talabijin ɗin kuma a kashe yake sai za a duba. A cikin akwatin akwai wani ɗan batir kamar kwabo, CR2032, shi yake riƙe agogo. In ya mutu, duk sanda wuta ta yanke kwanan wata sai ya koma wata shekara can baya, ka zo neman abin da ya faru ranar Talata da la'asar ka rasa inda yake, in ma ka samu ka kai wa hukuma ga kwanan wata na ƙarya a jiki. Ina duba agogon nan tare da na wayata kullum in na buɗe shago.

Inda za a ajiye akwatin ma magana ce. Mutane da yawa a kan kanta suke ɗora shi kusa da talabijin, wanda ya shigo sata kuwa shi zai fara sunkuta ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Nawa yana wani wuri da ba zan faɗa ba, a sama, inda iska take shiga don yana zafi, waya ce kawai ta sauko zuwa allo. Na kuma canja faswod tun ranar farko. A 2016 an yi wata cutar intanet mai suna Mirai da ta shiga dubban ɗaruruwan DVR da kyamarori da makamantansu ta hanyar faswod ɗin da suka zo da shi daga kamfani, har aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. In ka haɗa naka da wayar hannu ta manhajar Hik-Connect ko DMSS ko XMEye ka bar faswod na kamfani, to ka sani ba kai kaɗai kake iya leƙa shagonka ba. Wanda ya yi maka aikin ma, bayan ya gama ka canja.

Daga baya na sayi ƙaramin DVR, wanda bai fi tafin hannu ba, na sa a motar da take kai mana kaya unguwanni. Shi ba had disk gare shi ba, memori kad yake amfani da shi, kuma hakan ya fi a mota don girgizar hanya tana lalata disk mai juyawa. Yana naɗa gunduwa gunduwa na 'yan mintuna, in ya cika ya goge na baya. Matsalarsa memori na bogi sun cika kasuwa, a rubuta 128 GB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, zai nuna yana naɗa amma fayil ɗin ba zai buɗu ba. Ku nemi mai rubutun high endurance, wato mai jure yawan naɗi, a wurin wanda kuka yarda da shi, ku cika shi ku gwada kafin ku dogara da shi.

Direban na gaya masa, yaran shago ma na tara su na nuna musu kowace kyamara da inda take kallo. Irin ƙananan nan da ake ɓoyewa a caja ko agogon bango an yi min tallarsu na ce a'a, ban sa a inda ake sallah ko canja kaya ba, balle banɗaki, wannan cin amana ne kuma Allah zai tambaya. Gibin sito kuwa da muka koma baya muka duba, ashe wajen sauke kaya daga mota ne ake ƙirga katan sau biyu saboda sauri, babu wanda ya ɗauki komai. Yanzu mutum ɗaya ne yake tsayawa da littafi a bakin ƙofa har a gama saukewa.