Neman raƙuman ruwa a tsibirin Sal: abin da ruwan Dadin Kowa ba ya koyarwa

Mu da muke hawan allo mai filafili a Gombe, wato allon da ake tsayawa a kansa a kan ruwa iska na tura shi, makarantarmu ita ce madatsar ruwa ta Dadin Kowa, lokacin hunturu. A can ake koyon riƙe iska, da juya allo, da tashi daga cikin ruwa ba tare da an taka ƙasa ba, ido ɗaya kuma yana kan dorina. Amma ruwan dam shimfiɗaɗɗe ne, ɗan tsalle-tsallen da iska ke tayarwa ba raƙumi ba ne. Shi ya sa na nufi tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, wajen kilomita 600 yamma da gaɓar Senegal. Ƙasar tana cikin ECOWAS, fasfonmu ya wadatar. Iskar da ke kaɗawa can daga arewa maso gabas take zuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu ko Mayu, har ƙurar hunturun namu takan kai musu ta rufe sararin sama.

Maganar kaya tukuna. Yawancin kamfanonin jirgin sama ba sa karɓar jaka ɗaya da ta wuce kilo 32, ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tsibiran kuma ba kullum suke da wurin doguwar jaka ba. Na ɗauki ɗamarata mai ƙugiya, wadda ake rataya jiki da ita a jikin filafili, da rigar roba, sauran na yi haya a garin Santa Maria, a kudancin tsibirin. Wanda ya dage sai ya tafi da allonsa, ya kwance ɗan nocin da ke fitar da iska daga cikin allon kafin a sa shi a jirgi, in ba haka ba iskar ciki ta kumbura ta ɓamɓare fatar allon. Ya kuma ɗaure nocin kafin shiga ruwa. Rigar roba kuwa kada a ce ai ƙasar zafi ce: ruwan yana wajen digiri 21 zuwa 23 a wannan lokaci, da iska a kai, mai kaurin milimita 3 ita ce daidai.

Wurin da kowa ke magana a kai shi ne Ponta Preta, yamma da Santa Maria kaɗan. A nan aka fara gasar duniya ta raƙuman ruwa a ƙasar a 2007, Josh Angulo ya lashe, mutumin Hawai da ya zauna a Sal, wanda ya zama zakaran duniya a 2003 da 2009. Raƙumin wurin yana karyewa ne zuwa dama, dogo, a gefen baƙaƙen duwatsu masu kaifi. Ba iskar Sal ke haifar da shi ba. Guguwar da ke tashi can arewacin Tekun Atlantika ce ke turo shi, ya yi kwanaki yana tafiya. Saboda haka in ka buɗe hasashen yanayi, kada ka tsaya kan ƙarfin iska kawai. Duba ta inda ruwan ke tahowa, ana son arewa maso yamma, sannan duba tazarar da ke tsakanin raƙumi da raƙumi. In ta kai daƙiƙa 14 ko fiye, ruwan yana da ƙarfin da zai zagayo ya shigo. In daƙiƙa 8 ce, ko an rubuta tsayin raƙumi mita biyu, je ka sha shayi. Ana iya yin mako guda Ponta Preta tana kwance lub, sai a koma Ponta Leme, gabas da Santa Maria, ko kuwa gaɓar gabas, inda iska ke bugowa daga teku, ruwan a hargitse amma ba ya ƙin mutum.

Babban abin da ya bambanta da gida shi ne girman allo. A dam muna zaɓen allo gwargwadon ƙarfin iska. A Ponta Preta iska daga tudu take fitowa a karkace, ta faɗa teku, don haka kusa da gaɓa takan yanke, ta dawo, ta sake yankewa, ko da a waje tana gudun kilomita 35 a awa. Sai ka tsinci kanka tsaye cak a kan allo, filafili ba nauyi, ga raƙumi ya taso. Allon da zai ɗauke ka a tsaye kake bukata, girman allo kuwa da lita ake auna shi: nauyin jikinka a kilo, ka ƙara lita 10 zuwa 15. Mai kilo 75 ya nemi lita 85 zuwa 90. Filafili kuwa ƙarami, murabba'in mita 4.7 zuwa 5.3, a kan siririn jigo, wato sandar da ke tsayar da filafili, mai santimita 400, domin siririn ya fi jure dukan ruwa. Babban filafili a nan kaya ne kawai, da zarar raƙumi ya ɗauke ka gudunka ya haɗu da iskar da ke fuskantarka, ƙarfin ya yi maka yawa. Ja igiyar ƙasa har gefen filafilin na sama ya saki, igiyar baya kuma a bar ta da ɗan sassauci don cikin ya riƙe iska. Maɗauran ƙafa a buɗe su sosai, ƙafa ta shige har tsakiya ta kuma fita da sauƙi. Matsattsen maɗauri shi ke karya idon sawu. A kuma lanƙwasa robar da ta haɗa jigo da allo a duba ko ta tsage, kowace rana.

Kafin in shiga nakan zauna a kan rairayi minti ashirin da agogo a hannu. Raƙuman suna zuwa ne ayari-ayari kamar na fatake, uku, huɗu, biyar, sannan teku ta lafa na 'yan mintoci. Cikin lafawar nan ake fita, ba a jira iska ta cika. In farin kumfa ya tare ka, ka cire ƙugiya, ka danne bayan allo hancinsa ya ɗago, ka durƙusa, yana wucewa ka tura jigo gaba. Da ka ga abin ya fi ƙarfinka, juya ka gudu gabansa, babu kunya a ciki.

Kama raƙumi daga can waje ake yi, tun yana tudu bai miƙe ba. Ka rage gudu ka bar shi ya iske ka, kada ka tsere masa. Yana fara tsayuwa sai ka gangara, hannun baya ya zame can baya a kan mariƙin filafili, nauyi a ƙafar gaba, gwiwa a lanƙwashe, ido a kan inda kake son bugawa. Mu 'yan ruwan dam mun saba jingina baya muna rataye da filafili, a nan yin haka yana fitar da gefen allo daga ruwa, sai ya yi ta sulɓi. Wanda ya riga hawa raƙumi shi ke da shi, mai dawowa gaɓa kuma yana ba mai fita cikin teku hanya. Mutanen wurin ba sa wasa da wannan.

Faɗuwa dole ce. In ka faɗi, kada ka bar kayanka tsakaninka da raƙumin da ke tahowa. Kama ƙarshen jigo, ka nufi raƙumin da shi, ka nutsar. In ya fizge, ka sake shi, ka rufe kai da hannu. Kayan da suka hau duwatsun Ponta Preta da wuya su sauko lafiya, don haka ka karanta takardar haya da kyau, inshorar wasu ba ta haɗa da wannan wuri ba. Takalmin roba ma yana da amfani saboda ƙayar teku da ke maƙe a duwatsu. Jigo in ya karye a waje, iska teku za ta yi da kai, ba gaɓa ba: ka zauna da allonka, kada ka bar shi ka ce za ka yi iyo, kuma kada ka shiga ruwa ba wanda ke kallonka daga tudu.

Abinci kifi ne sabo, a wadace. Kachupa, dafaffen masara da wake da suke ji da shi, sau da yawa da naman alade ake yi, sai ka tambaya ka ce ta kifi kake so. Kuɗinsu eskudo ne, 110 a Yuro ɗaya, kuma a Santa Maria ana karɓar Yuro kai tsaye.