Takardar jarumata

Yau ina gyaran durowa na ci karo da takardar jarumata ta wasan Dungeons & Dragons. Wasan labari ne da ake yi a kan teburi, kowa da jarumin da yake wakilta, a takardar ake rubuta bayanansa. Tawa ta sha gogewa har ta huje. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Shekara 6 muka kwashe kan labari ɗaya, mu biyar, duk daren Asabar. Kayan wasan ba su wuce fensir da taswirar da aka zana da hannu ba, sai ɗan lido mai fuska 20. Mai jan labari ya bayyana halin da ake ciki, ka faɗi abin da za ka yi, ɗan lido ya yanke hukunci.

Akwai daren da dodo mai aman wuta ya kayar da kowa, saura jarumata maharbiya da kibiya ɗaya tak. Hannuna na rawa na jefa. Ya yi ta juyi, ya tsaya kan 20, wato bugu mai ninki. Ihun da muka yi! Har shiru-shirun cikinmu ya miƙe yana tsalle.

Aiki da nisa sun raba mu yanzu. A gefen taswirar nan akwai tsibirin da ba mu taɓa takawa ba. Ina kewarku sosai, abokan teburi.